Ƙasar da Kawu Ya Rufe

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da gwiwar nan taka da ba ta son sanyi. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Baban Auta yana gaishe ka. Shi ya ce in rubuta takarda in ba direban da ke kai muku kayan abinci, wai ko da waya tana shiga dajin da kuke aikin hanya, ƙarar inji ta riga ta cinye maka kunne, sai dai mu yi ta ihu kana cewa, "Na'am? Wa ya mutu?"

Kawu, mun tare! Yau kwananmu ashirin a gidanmu na kanmu, a sabuwar unguwar nan ta bayan tashar mota, wadda ka ce kai ka daidaita filinta da katafila kafin a mayar da kai daji. Layi na huɗu muke, gida na biyu daga ƙarshe. Ɗaki biyu ne da falo, da wani ɗan lungu kusa da ƙofa inda na ajiye keken ɗinkina. Ranar farko Baban Auta ya buga ƙusa a bango, ya ja baya yana kallonta yana dariya, ya ce, "Shekara goma sha ɗaya muna haya, yau ba wanda zan nemi izininsa." Na so a ce Inna tana da rai ta gani. Tunda ba ta, kai nake faɗa wa. Ko da yake kai da ita 'ya'yan wa da ƙani ne, ni ban san wani kawu da ya wuce ka ba.

Sai dai akwai 'yan abubuwa. Da safe, in an kwana da tagogi a rufe, kicin yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ka san mutumin naka da aikin famfo, ya bi bututun gidan nan kaf bai ga inda yake yoyo ba, har abin ya fara taɓa masa girma. Tun kafin mu tare na dasa lemo sau biyu a tsakar gida, duka biyun sun bushe a tsaye. Auta kuma, da ta cika shekara shida watan jiya, takan tashi da ciwon kai, sai ta fita makaranta ya sake ta. Maƙwabciyata, wata malamar makaranta, ta ce wai da can juji ne wurin. Haka ne?

Ruwa sau biyu yake zuwa a mako, shi ya sa Baban Auta yake so ya haƙa tankin ƙasa a tsakar gida. Ka turo mana albarka.

'Yarka,
Tela

*

'Yata Tela,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, na karanta ta sau uku a inuwar katafila. Gwiwa tana nan da halinta, kunne kuwa ku ci gaba da dariya, naku ma yana zuwa. Allah ya sanya alheri a gida, ya sa ku tsufa a cikinsa. Ki gaishe min da surukina Mai Famfo, ki ce masa kada ya cika bangon da ƙusa don murna. Ki shafa min kan Auta.

Malamar ta faɗi gaskiya. Jujin garin ne, wajen shekara ashirin ana zuba masa shara kafin a rufe shi. Ni da wasu mutum huɗu muka rufe shi, wata takwas muna tura jar ƙasa muna dannewa. Ƙasar nan na san ta ciki da waje. Da na ba ku labarin unguwar, na ɗauka a gefe za a yi gidajen, ta wajen tasha, a bar tsakiyar fili. Ban san ginin ya kai har layi na huɗu ba.

Ina da tambaya ɗaya. Da muka gama aikin, mun kakkafa bututu baƙaƙe, tsayin mutum da rabi, kowanne da hula a kansa, don ƙasar ta riƙa numfashi. Sun kai talatin. Ki duba min, suna nan?

Warin kuwa, ki riƙa barin tagogi a buɗe. Zancen tanki, ki ce wa surukina ya dakata da shi har in zo in gani da idona. Ba na so ya sha wahala. Aikinmu zai tsaya idan damina ta kankama, ina ganin zan samu hutu nan da wata biyu.

Nan daji ba labari sai ƙura da sauro. Mun kai gada ta uku. Mai dafa mana abinci ya gudu, yanzu makanikenmu ne yake girki, komai ya dafa sai ka ji man inji a ciki.

Kawunki

*

Kawuna,

Ina gaisuwa, ina fatan makaniken bai kashe ku ba tukuna. Muna lafiya, sai Auta da tari ya kama, mai sa ta kasa gama magana. An ba ta magani a asibiti, likita ya tambaye ni ko da gawayi nake girki a ɗaki, na ce a'a. Ni ma kaina yana sarawa in na daɗe a kan keke, amma ina ganin ido ne.

Takardarka ta kwantar mana da hankali. Baban Auta ya ce, "Kin ji ko? Wanda ya rufe wurin da hannunsa ya ce ya san shi ciki da waje. Malama ta rage tsorata mu." Da na karanta masa inda ka ce ya jira ka kada ya sha wahala, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Kawu da gwiwa ɗaya ne zai taya ni haƙa rami? Ki ce masa na gode, ya zo ya tarar da ruwan wanka."

To, an haƙa an gama. Zurfinsa ya kai tsayin mutum biyu, an yaɓe shi da siminti, an yi masa murfin ƙarfe da tsani a ciki, an ɗora injin jan ruwa. Da ka ga abin da ya fito! Daga an wuce jar ƙasar nan taka sai baƙar ƙasa mai ɗumi, da ledoji, da kwalabe, da takalma wari-wari, har da kan 'yar tsana. Leburori biyun da ya ɗauka sun yi ta fitowa suna cewa jiri, ɗaya ya yi amai, washegari bai dawo ba. Baban Auta ya ce rana ce.

Bututun da ka tambaya, na zagaya unguwar na ga guda uku kawai. Biyu an toshe bakinsu da siminti saboda wari ya dami masu gidajen kusa. Ɗaya yana bayan shagon mai wanki, yana shanya a kansa. Sauran an ce an sassare su lokacin da ake gini.

Bari in ba ka abin dariya. Shekaranjiya na ƙyasta ashana ta faɗi kusa da wata 'yar tsaga a daɓen kicin, sai ga wuta shuɗiya siririya ta bi tsagar, ta yi kamar numfashi uku ta mutu. Baban Auta ya ce ashe gidan da gas ɗinsa muka same shi. Ya liƙe tsagar da siminti.

Sai ka zo. Na yanka maka yadi, ka turo min awon wuyanka in ya canza.

'Yarka,
Tela

*

Tela,

Ina fatan wannan ta same ku lafiya. Ba zan tsawaita gaisuwa ba. Ki karanta wa mijinki wannan a tsaye, yanzu, kafin ki ajiye ta.

Kada kowa ya shiga tankin nan. Ko inji ya lalace, ko wani abu ya faɗa ciki, ko na minti ɗaya ne. Kada a leƙa shi da fitilar wuta ko ashana. Ku sa wa murfin kwaɗo. Ku kwashe Auta ku koma wajen dangin mijinki, ku je ofishin kula da muhalli ku ce a zo a auna gidan.

Da na ce ya dakata, ba taya shi haƙa nake nufi ba. Nufina kada a haƙa sam. Sharar da ke ƙarƙashinku ba ta mutu ba, ruɓewa take yi, kuma za ta yi shekaru tana fitar da iska. Wata iskar tana kama wuta, ita kika gani a kicin. Wata tana da nauyi, tana kwanciya a rami ta kore iskar da mutum yake shaƙa. Ido ba ya ganinta. Tunda an toshe bututun, ba ta da hanyar fita sai ta gidajenku, kuma yanzu kun haƙa mata ɗaki.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa a dangi ba. Lokacin da muke rufe wurin, abokin aikina, wani dogo mai tuƙa tifa, ya sauka wani rami ɗauko hularsa da iska ta jefa ciki. Ina kan katafila ina kallonsa. Ya sunkuya, ya zauna kamar wanda ya gaji, bai ƙara tashi ba. Ramin bai kai zurfin naku ba.

Na nemi a sake ni in taho yau, shugaban aiki ya ce ruwa ya fara cin hanyar baya, babu motar da za ta fita sai ta direban nan, ita ma a cike take da ma'aikatan da zazzaɓi ya kwantar. Na damƙa masa takardar nan hannu da hannu, na roƙe shi ya fara biyawa ta gidanku kafin ko'ina.

Don Allah, Tela. Kada ya shiga.

Kawunki

*

Kawu,

Ina fatan kana lafiya. Ni da Auta muna da rai.

Baban Auta ya rasu. Yau kwana goma sha shida.

Takardarka ta iso kwana tara bayan mun binne shi. Direban ya ce gada ta karye a gabansu, suka yi mako uku a wani ƙauye suna jiran ruwa ya janye. Da ya ga mutane zaune a ƙofar gidan yayar Baban Auta, inda aka kwatanta masa mun koma, sai ya tsaya da takardar a hannu ya kasa miƙo ta. Malama, da ta zo duba mu, ita ta karɓa.

Zan faɗa maka yadda aka yi, don ba na so ka ji a bakin wani. Ranar Talata ce da safe, an kwana biyu ana ruwan sama. Injin ya ƙi jan ruwa. Ya ce wani abu ne ya toshe bakin bututun a ƙasa, aikin minti biyar ne. Auta ta tafi makaranta. Ina kan keke ina haɗa wata riga, ya leƙo ya ce, "Ɗora min shayi, kafin ya tafasa na fito." Na ji ya ja murfin ƙarfen. Na ji takunsa a kan tsani. Na ɗora ruwan, na koma kan keke.

Ruwan ya tafasa har ya fara ƙonewa. Na ƙwala masa kira, shiru. Na fita ina cewa, "Kai dai ba ka san minti biyar ba." Da na leƙa, yana zaune a gindin tsanin, ruwan iya ƙugunsa, kansa jingine da bango, sifanar da yake kwance noti da ita tana hannunsa. Na ɗauka wasa yake min. Wallahi Kawu, har na ce masa ya bari.

Na sa ƙafa a tsanin zan sauka, sai wani abu ya bugi kaina, idona ya yi duhu. Ihuna ne ya kawo Malama, ta riƙe ni ta baya ta ja ni ƙasa. Mai wanki ya zo da gudu, ya sauka mataki huɗu, ƙafafunsa suka saki, da ƙyar maza biyu suka fizgo shi ta wuyan riga. Daga nan ba wanda ya ƙara gwadawa. Muna tsaye a bakin ramin muna kallonsa, kusa ƙwarai, har 'yan kwana-kwana suka zo da tulun iska a bayansu. Kusan awa ɗaya. Ina ta kiran sunansa, sunan da ban taɓa kira a gaban mutane ba.

Washegari wata mata ta zo daga ofishin muhalli da na'ura a hannu. Tana zura ta a tankin, na'urar ta fara kuka kamar tsuntsu. Ta ce ruwan sama ya toshe ƙasa ta sama, iskar ta rasa mafita sai ta taru a ramin. Ta ce mu bar gidan a ranar. Muna wajen yayarsa yanzu.

Na karanta takardarka, Kawu. Komai yana ciki, dalla-dalla, ko Auta za ta gane. Sai na ɗauko ta farkon na ajiye su gefe da gefe. Hannu ɗaya ne ya rubuta su. Tun ranar da ka rubuta ta farko ka san zancen mai tifa. Ka ba ni labarin makanike da man inji, ka ce kada ya sha wahala. Me ya hana ka rubuta "zai mutu"? Kalma biyu ce.

Tela

*

'Yata,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya ba ki haƙurin da ba ni da bakin ce miki ki yi. Yaya jikin Auta? Yaya naki?

Wannan ita ce takarda ta uku da na aiko tun bayan taki, wata uku ke nan. Ban sani ba ko biyun sun iso kin ƙi amsawa, ko kin bar wajen yayarsa. In kin ƙi ne, kina da gaskiya. Na zo garin da hanya ta buɗe. Na je layi na huɗu, na ga an zagaye gidan da jan ƙyalle. Na tsaya a bakin titin gidan yayarsa tun hantsi har azahar, na ga wata yarinya ta fito da bokiti, ban san ko Auta ce ba, rabona da ita tana goye. Ƙafata ta ƙi shiga. Na koma tasha.

A biyun farko na yi ta zagaye-zagaye, na ambaci gada, na ambaci ƙaddara. Yau zan amsa abin da kika tambaya. Kunya ce ta hana ni. Ni na yi ta cika baki a gabanku cewa ni na gyara filin nan, ni na sa muku son unguwar. Da takardarki ta zo cike da murna, da ƙusarsa a bango, sai na kasa zama mutumin da zai ce muku gidan da kuka yi shekara goma sha ɗaya kuna jira ba wurin zama ba ne. Na ce wa kaina bari in je in gani, wataƙila bututun suna aiki, wataƙila layinku bai hau kan zurfin ba. Na zaɓi kalmomi masu laushi don kada in ɓata muku rai, don kuma kada ku ga baƙina. Na ɗauka ina da wata biyu.

Mai tifa ma haka na yi. An ce mana ciwon zuciya ne, na san ba shi ba ne, na yi shiru saboda aiki.

Ba na neman ki yafe min a takarda. Na ajiye aikin, ƙarshen watan nan zan sauka daga katafila. Ki faɗa min abin da zan yi, ko da cewa za ki yi kada in ƙara rubuto miki.

Kawunki, in har yanzu kin yarda

*

Kawu,

Ina gaishe ka. Takardunka uku duka sun iso. Biyu ban buɗe su da wuri ba, ta ukun ce na karanta har ƙarshe.

Muna lafiya. Na kama ɗaki ɗaya a bayan kasuwa, a bene, inda iska take shiga ta ko'ina. Tarin Auta ya tsaya tun mako na biyu da barinmu gidan, ciwon kaina ma haka. Wani lokaci wannan ne ya fi ci min rai, yadda jikinmu ya yi ta faɗa mana muna ba shi magani. Na koma ɗinki. Ni ma ina da nawa laifin, Kawu. Na ga wuta ta fito daga daɓe na mayar da ita abin dariya. Shi ma ya ga lebura ya yi amai ya ce rana ce. Ba kai kaɗai nake tuhuma ba in na zauna, amma kai ne ka sani, mu zato muke yi.

Yarinyar da ka gani da bokiti ita ce. Ta shigo ta ce min wani tsoho yana tsaye a titi yana kallon gidan. Na leƙa ta taga na gan ka. Ban fito ba.

Ka ce in faɗa maka abin da za ka yi. An kwashe mutanen layi na huɗu da na biyar, amma akwai gidaje sama da ɗari biyu da har yanzu ake kwana a cikinsu. Matar ofishin muhalli tana zuwa wajena, ta ce takardun aikin rufe jujin sun ɓace, ba su san inda ramuka masu zurfi suke ba, ba su san inda aka kafa bututun ba, haƙa suke yi a makance. Mutanen unguwa kuma rabi ba su yarda ba. Mai wanki da kansa, wanda aka fizgo ta wuya, cewa yake aljanu ne. Jiya Malama ta ce min wani a layi na bakwai ya fara haƙa masai.

Na ce wa matar na san mutumin da ya rufe wurin. Za a tara mutanen unguwar ranar Asabar ta ƙarshen wata a filin makaranta. Ka zo ka bi filin da ita taku-taku ka nuna mata. Sannan ka tsaya a gaban mutane ka faɗi abin da ka rubuta min a takardar nan da ta makara a hanya, da zancen mai tifa, da bakinka, da ƙarfi. Zan zauna a gaba.

Maganar yafiya ka bar ta tukuna. Na neme ta a zuciyata ban same ta ba, ban kuma sami ƙiyayya ba. Gajiya kawai na samu. In ka iso tasha ka tambayi benen masu ɗinki, ka hau a hankali saboda gwiwarka.

Akwai abu ɗaya kuma. Kwana uku ke nan Auta tana tambayata ko babanta ya ji zafi a cikin ramin, ko ya kira mu ba mu ji ba. Na ce mata ban sani ba, ina kan keke. Kai ka taɓa gani da idonka tun daga farko har ƙarshe. In ka zo za ta tambaye ka. Ka zaunar da ita ka faɗa mata yadda abin yake, kada ka sassauta mata ko kalma ɗaya. Ni ma zan tsaya a bakin ƙofa in ji.

'Yarka,
Tela